Takardar da Manya Suka Mayar

Shekara hamsin baya, duk likitan da ka tambaya abin da ke kawo gyambon ciki, amsa ɗaya zai ba ka: damuwa, yaji da yawan asid. Haka yake a littafi, da shi ake koyarwa, da shi ake cin jarrabawa. Batun ƙwayar cuta bai ma taso ba, don an riga an yanke hukunci cewa babu wani abu mai rai da zai iya zama cikin asid ɗin tumbi. Majinyaci sai dai madara da maganin kwantar da asid, ya ji sauƙi, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo. Wasu har a yanke musu wani ɓangare na tumbin. Masu sayar da magani kam ba su yi kuka ba, domin Zantac, ɗaya daga cikin magungunan asid ɗin, ya taɓa zama maganin da ya fi kowanne ciniki a duniya.

A 1979, a asibitin Royal Perth da ke yammacin Ostireliya, akwai wani likita, Robin Warren, wanda aikinsa duba 'yar tsokar da ake gutsurowa daga jikin marasa lafiya. Sai ya riƙa ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa kwance a bangon tumbi, kuma duk inda suke, wurin a kumbure yake. Abin takaicin, ba shi ya fara ganinsu ba. Tun ƙarni na 19 wasu sun gan su, aka ce datti ne, ko daga baki suka gangaro. Ido yana cewa ga su, littafi yana cewa babu su, aka bi littafi.

A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, ya shigo aikin. Suka yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, ta ƙi. Ashe ma'aikatan wurin kan zubar da farantin gwaji bayan kwana biyu in ba su ga komai ba, don haka aka saba. Ranar da hutun Ista na 1982 ya sa aka bar wani faranti har kwana biyar, sai ga ta ta tsiro.

Marshall ya rubuta abin da suka gano, ya aika wa taron ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasar a 1983. Aka mayar masa da takardarsa. A yi wa manyan adalci, ba su rasa abin kamawa ba, don ko da ya gwada sa wa aladu cutar daga baya, ba su kamu ba. Amma da yawansu ba hujjar suka duba ba, wanda ya kawo ta suka duba. Yaro ne, daga wani gari can ƙarshen duniya, kuma in har maganarsa ta tabbata, abin da suka yi shekaru suna karantarwa ya bi ruwa.

A 1984 ya ɗebo ƙwayar daga faranti, ya dama, ya shanye. Cikin 'yan kwanaki amai ya taso masa, bakinsa ya kama wari har matarsa ta yi ƙorafi. Da aka zura masa bututun leƙa ciki, sai ga tumbin da yake lafiya lau a baya ya kumbura, ga ƙwayar a jiki.

Duk da haka sai da aka ƙara shekara goma. A 1994 ne hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ce a riƙa ba masu gyambon maganin kashe wannan ƙwaya, Helicobacter pylori. Nan da nan magana ta juya. Ciwon da mutum kan mutu yana fama da shi ya koma na mako ɗaya ko biyu. Da aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel a 2005, masu tafi sun yi yawa, masu dariyar da kuwa aka neme su aka rasa. Kuɗin jinkirin ma ba daga aljihunsu ya fita ba, majinyata ne suka biya.

Labarin Ostireliya ne fa, ƙasa mai nisan gaske, ba da kowa nake ba. Sai dai, ranka ya daɗe, in akwai wata takarda da wani yaro ya kawo maka bara, tana nan a ƙasan durowa, a taimaka a ciro ta a karanta.