Zuwa ga Cibiyar Sinima ta Ƙasar Nijar: a fara da masu zane

Ina rubuto muku ne daga Madarunfa, kudu da Maraɗi, da roƙo guda ɗaya. Tun da aka kafa ku a 2008 aikinku shi ne raya fim a ƙasar nan. To ina roƙonku ku ware wani abu daga ƙarfinku ku zuba a kan masu zana labari a takarda, tun kafin magana ta kai ga masu kyamara.

Yaran garin nan sun san Black Panther, alhali ba mu da gidan sinima. A rumfar mai tura fim suka same shi. Yaro ya miƙa katin memori da 'yan kuɗinsa, mai kwamfuta ya zuba masa, da dare su haɗa kai su biyar ko shida a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi. Washegari ka gan su a bakin tabki sun gicciye hannuwa a ƙirji suna gaisuwar Wakanda, ƙasar da aka ƙirƙira a fim ɗin. Na ga ɗan lakwal ya zana kan damisar nan da bik a bayan littafin lissafinsa, har da faratan da ke wuyanta, kuma hannunsa bai yi rawa ba.

Kun fi ni sanin abin da fim ɗin ya ci da abin da ya kawo. Kamfanin Marvel ya kashe wajen dalar Amurka miliyan 200, wato sama da biliyan 100 na kuɗin sefa. Ryan Coogler ya ba da umarni, kuma yawancin aikin a Atlanta aka yi shi, wani ɓangare a Busan ta Koriya ta Kudu. Daga Afirka aka ɗebi kayan haɗi: harshen Xhosa, rawani da shuɗin tufafi irin na Buzayenmu, har da dajin Sambisa da aka sa a farkon labarin. Ya fito a Fabrairun 2018. A ƙarshen makon farko ya tara dala miliyan 202 a Amurka da Kanada kaɗai, daga baya a duniya ya wuce biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku. Da Saudiyya ta sake buɗe gidan sinima a Riyad a Afrilun 2018, da shi aka fara.

Mutane sukan tsaya a kan waɗannan kuɗi su riƙe baki. Ni shekarun da suka gabaci fim ɗin ne suke tsaya mini a rai. A 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro T'Challa, gwarzon fim ɗin, a mujallar Fantastic Four, fitowa ta 52. Shekara 52 ke nan yana yawo a takarda mai arha, yara suna saye da kuɗin kashewarsu, suna girma, suna saya wa 'ya'yansu. A 2016 aka leƙo da shi cikin fim ɗin Captain America don a ga yadda za a karɓe shi, aka kuma ba marubuci Ta-Nehisi Coates ya ci gaba da labarinsa a mujalla. Tallar farko an sake ta ne a Yunin 2017, ana tsakiyar wasannin ƙarshe na ƙwallon kwando, lokacin da idon Amurka yake wuri ɗaya. Kendrick Lamar ya yi masa kundin waƙoƙi. Aka zaɓi Fabrairu, watan da baƙaƙen fatar Amurka suke tunawa da tarihinsu, har jama'a suka riƙa haɗa kuɗi don a kai 'ya'yan talakawa kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka buɗe ƙofa, masu saye sun daɗe da sanin gwarzonsu.

A waccan shekara ta 1966 ɗin, Moustapha Alassane namu ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane mai motsi wanda kwaɗi ne 'yan wasansa. Shi ya zana su da hannunsa. Daga baya ya zauna a Tawa, ya yi Samba le Grand, ya yi Kokoa a kan kokawarmu, har Allah ya yi masa rasuwa a 2015. Hannun zane muna da shi tun farko. Abin da ba mu gina ba shi ne jama'ar da za ta saba da gwarzo ɗaya, ta riƙa jiran ci gaban labarinsa wata bayan wata.

Ku dubi abin da ya sami Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta da Faransanci a 1980. Med Hondo ya sha wuya shekara da shekaru yana neman kuɗi, aikin da aka so a yi a Nijar ya koma Burkina Faso, fim ya fito a 1986 da Aï Keïta a matsayin Sarauniya, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Fim ne na gaske, ina girmama shi ƙwarai. Amma a Faransa bai daɗe a gidajen sinima ba aka sauke shi, kuma a cikinsa Sarauniyar Azna ba da Hausa take magana ba. Wannan yana ci mini rai. Yaron Madarunfa ya san sarkin ƙasar da babu ita a taswira, bai taɓa ganin fuskar matar da ta yi yaƙi a ƙasar Arewa, nan kusa da Dogon Dutsi, ko da a zane ba.

Hanyar kuwa ba sabuwa ba ce a wurin Bahaushe. A Kano, Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin ya shiga hannun 'yan mata da matan aure har nan Maraɗi, sannan a 1994 ya zama fim. Waɗanda suka karanta su ne suka fara saye. Aya de Yopougon, labarin Kodebuwa na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, ya fara ne a matsayin littafin zane a 2005, sai a 2013 ya zama fim. Roye Okupe, ɗan Legas, ya ɗauko haske daga Amina ta Zazzau ya fitar da Malika a littafin zane.

Wasu za su ce zane wasan yara ne, cibiya kamarku ba ta da lokacinsa. Ni kuwa a ganina nan ne gwaji ya fi sauƙi ga ƙasar da kuɗinta ƙalilan ne. Mai fim in yana son dawaki ɗari biyu da garin da ke cin wuta, sai ya ci bashi. Mai zane tawada kawai zai ƙara. In labarin bai karɓu ba, asarar takarda ce, a juya a gwada wani. In ya karɓu, kun san inda za ku sa kuɗin kyamara ba tare da caca ba.

Labaran ma ga su nan birjik. Ga Mangu, ga Kantu ɗan Maraɗi da ya fara ɗaukar takobin kokawa a Tawa a 1975, ga Gizo da Ƙoƙi da kowace kaka ta iya. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa kalaman da ke fitowa daga bakin waɗannan mutane su zama na wani harshe.

Saboda haka ku buɗe gasar gajeren labarin zane da Hausa da sauran harsunanmu, wadda ɗan Madarunfa ko Gabi ko Ɗan Isa zai iya shiga ta hanyar ɗaukar hoton aikinsa da waya, ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Yamai ba. Waɗanda suka yi fice a buga su da arha, a kai makarantu, a sake su a WhatsApp shafi-shafi, a riƙa sauraron wanda yara suke tambayar ci gabansa. Masu tura fim kuma kada a ɗauke su abokan gaba, don su ne gidajen sinimar da muke da su a ƙauye. A zauna da su tare da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a yanke abin da mai zane zai samu a kowane turi, ko dala ɗaya ce ta sefa. Sannan ku nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin Med Hondo a juya shi zuwa Hausa, kamar yadda su Algaita suke yi wa finafinan Indiya a Kano, a haɗa da na Moustapha Alassane a zaga da su garuruwa. In kun tashi zagayen, ku sa Madarunfa a cikin jerin.

Wassalam.

Daga Madarunfa, jihar Maraɗi.