Ashar Mai Alwala

Daga cikin matsalolin da ke addabar marubutan almara, wato ƙagaggun labaran da ake ginawa a duniyar matsafa da dodanni, babu mai wuyar sha'ani kamar bakin jarumi, domin mai karatu yakan yafe masa ya fille kawuna ɗari kafin la'asar, amma ba ya yafe masa kalmar batsa guda ko da mashi ne ya soke shi a cinya. Wannan larura ce ta haifar da ƙagaggen ashar, ma'ana zagi ko rantsuwar da aka yi wa alwala, domin ta fito da zafinta ba tare da ta ɓata tarbiyyar kowa ba.

Robert E. Howard, wanda ya fito da jarumi Conan a 1932, ya ɗora masa rantsuwa da Crom, abin bautar da ko a cikin labarin ba ya kula masu kiransa, saboda haka babu mai kai ƙara. Robert Jordan kuwa, a jerin littattafansa da suka fara fitowa a 1990, jini da toka ya tanadar wa mutanensa, har mata sukan tsawata wa sojan da ya cika ambatonsu, sai ka ce murhu ne mahaifin wani. Matsafan labaran J. K. Rowling da gemun tsohon matsafi Merlin suke rantsuwa, gemun da bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Shi ko Brandon Sanderson, a littafinsa na 2010, sai da ya gina duniya sukutum wadda guguwa ke ɗaiɗaitawa kafin jarumansa su sami abin rantsuwa, alhali Bahaushe ya daɗe yana kiran aradu da kwarankwatsa a kan bashin goro ba tare da ya rubuta shafi dubu ba.

Amfanin wannan fasaha bai ɓuya ga wanda ya taɓa jin dattijo ya hasala ya ambaci buhun uba ba, domin kowa a wurin ya san ba hatsi ake nufi ba. Mai magana yakan kaɗe rigarsa ya wuce da mutuncinsa cikakke, mai sauraro kuma shi ke ƙarasa ashar ɗin a zuciyarsa, ya kwana yana istigfari a kan zagin da wani ya more.