Ban Taɓa Komai Ba

Akwai wani benci a bakin shagon mai gyaran sautin mota a Sabon Garin Kano inda nakan zauna in sha inuwa. A nan na gane cewa duk wanda ya sauke akwatin wufa daga but ɗin motarsa da magana ɗaya yake buɗe baki: "Oga, wallahi ban taɓa komai ba." Shi kuwa mai gyaran ba ya musu. Akwatin yake tambaya.

Wanda ya fi yawaita shi ne sarkin murɗawa. A jikin amfilifaya akwai ɗan maɓallin da ake saita ƙarfin sautin da ke shigowa daga rediyo, a saita sau ɗaya a bar shi. Shi wannan bawan Allah gani yake ajiyar ƙara ce aka ɓoye masa, sai ya sa sukundireba ya kai shi maƙura. Amfilifaya ta fara fitar da gurɓataccen sauti, siririyar wayar da aka naɗa a cikin wufar ta ɗau zafi, gam ɗinta ya narke. Mai gyara yakan sa yatsu ya danna fuskar wufar a hankali. In ya ji tana gurzawa kamar da yashi a ciki, sai ya kai hanci. Ƙauri ba ya ƙarya. "Ƙanena, kwayil ta ƙone." Sai ka ji an ce ai jiya ma lafiya lau take, har an yi rakiyar amarya da ita. To, ai rakiyar ce. Dama an ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Maƙwabcinsa a hali shi ne mai haddar kwali. Ya ga an rubuta wat 3000 da jan fenti, ya riƙe kamar lambar wayarsa. Ƙaramin rubutun da ke gefe, mai alamar RMS, wanda shi ne ainihin ƙarfin da wufar ke iya ɗauka a kai a kai, bai taɓa dubawa ba. Batirin motarsa mai bolt 12 ne kamar na kowa, wayar da ya ja kuma ta fi dacewa da fitilar ɗaki. Da dare za ka gane shi daga nesa: duk bugun ganga sai fitilun gaba sun ƙifta. Fis ya gaji ya tsinke, ya ɗaure shi da waya. Wannan kam ba na zama kusa da motarsa.

Ina da rauni a kan kafintan dole, don na taɓa zama shi. Akwatin kirki da katakon MDF ake yin sa, mai kaurin milimita 18, a shafa gam ɗin katako, a ɗaure da sukuru, a sa tokara a ciki don kada bangon ya riƙa numfashi. Shi kuwa falankin silin ya samo da ƙusa 'yar inci ɗaya. Araha ba ta ado. Wata biyu ƙusoshin sun fara leƙowa, iska na tsiyaya ta kowace kusurwa, akwatin na fito kamar buta a kan wuta. Sai ya bi tsagar da salatif. Wani ma na ga ya cusa tsumma a ramin da aka bari da gangan don iska ta fita, wai kada ɓera ya shiga. Kafintan dole kuma in an gyara masa, an liƙe cikin da silikon, aka ce ya bari ta kwana ta bushe don tururinta na iya cin soson da ke zagaye da wufar, sai ya ce yana da ɗaurin aure ƙarfe biyu.

Magidanci ba ruwansa da murɗa komai, gaskiya ya faɗa. Laifinsa ɗaya: but ɗin nan shi ne sitonsa. Buhun shinkafa, jarkar manja, ledojin ruwa da ɗaya ta fashe tun shekaranjiya. MDF in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi a shayi, sukuru ba ya ƙara kama shi. Ana gobe Babbar Sallah kuwa, ƙahon rago ne ke ƙarasa aikin.

Sai mafarauci. Shi wufarsa ƙalau take, motar ce ke kuka. Wani zirrr yake ji a baya, ya hana shi barci. Ya sa ƙanin matarsa ya dafa murfin but, ya dafa ƙofa, ya dafa gilashi, shi yana gaba yana ƙara kiɗa. Sau da yawa lambar mota ce mai sukuru biyu ke kaɗawa, ɗan soso a bayanta ya wadatar. In murfin but ne ko ƙofa, akwai shimfiɗar roba mai nauyi da ake mannawa a cikin ƙarfen ta kashe rawar. An yi masa duk wannan, ya biya, ya tafi, ya dawo da la'asar: har yanzu akwai saura. Sifana ce a ƙarƙashin safaya.

Ɗan adaidaita sahu ba ya ko kashe inji. Akwatinsa na bayan kujera, fasinja ne ke shan tausa, shi dai a ɗaure masa waya ya wuce.

Na ƙarshen da na gani makon jiya saurayi ne mai wufa biyu ƙirar Pioneer. Ƙorafinsa wai bugun ya ragu. Mai gyara ya gwada kwayil, lafiya, akwati, babu tsaga, waya, daram. Aka kunna, madubin cikin motar ya karkace, mai shayin tsallaken titi ya dafe kofunansa. Saurayin ya girgiza kai, ya ce, "Ka ji ko, Oga? Kamar rediyon hannu."

Mai gyaran ya rage kiɗan, ya matso kusa da shi. "Abokina, ka je a duba maka kunne."

"Na'am?"

"Na ce kunnenka! Asibiti!"

Saurayin ya washe baki, ya laluba aljihu. "Yauwa, abin da na ce ke nan. A ƙara ta uku. Nawa ne?"