Ka Ce Kai Ba Ka Buƙatar Ƙwaya?

Malam, kashe karan nan tukuna mu yi magana. E, da kai nake, kai da ke zaune a bencin mai shayi a Dabawa, ka ɓoye hannu a bayan gwiwa kamar hayaƙin ba ya tona asiri.

Ka ce duk ran da ka ga dama za ka daina? Madalla. Shekara nawa ke nan damar ba ta zo ba? Azumi ma na gan ka: daga asuba har faɗuwar rana ba ka taɓa taba ba, amma dabino bai gama sauka ba ka fara lalube aljihu neman ashana. Sabo turken wawa, in ji Hausawa; ni dai ban kira suna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yunƙuri 100 na dainawa ba tare da taimako ba, kusan 4 ne ke kai labari. Kana cikin huɗun? To me kake yi da kwali a aljihu?

Ka ce namiji ba ya shan ƙwaya don barin taba? Haba! Wannan ba irin ƙwayar da NDLEA ke bi da gudu ba ce, likita ne ke rubuta ta. Akwai varenicline, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 2006. Dabararta ta burge ni. Nikotin yana da gurbin da yake zama a ƙwaƙwalwa. Ita sai ta riga shi zama, kamar wanda ya kame maka wuri a motar Katsina. Tana ɗan rage maka ƙishirwar, in kuma ka yi taurin kai ka kunna, sai ka ji daɗin ya yi ƙaura. Ana fara ta mako ɗaya kafin ranar dainawa, a yi mako 12. Tashin zuciya fa? Yakan zo. Mafarkai masu ban mamaki ma haka. Kana iya ganin kanka kana tuƙa jirgi a dam ɗin Zobe.

Sai bupropion. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne, aka lura masu shan sa suna mantawa da sigari. Mai farfaɗiya ba ya kusantar sa, shi ya sa ba a karɓar sa a hannun aboki. Dukansu biyun sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021.

Na ji, na ji: goro ya ishe ka. Kawunka ma da goro ya daina, ko? Allah ya ƙara masa lafiya. Kai kuwa ka gwada, yanzu ga goro ga taba, haƙora sun yi kala biyu.

Ka ce tsada? Nan kam ba zan yi maka gardama sosai ba: da kuɗi, kuma ba kowane kemis ke ajiye su ba. Amma ɗauko biro ka lissafa abin da mai tebur ya ci a hannunka daga bara zuwa bana, kara-kara, alhali dokar 2015 ta hana sayar da sigari ɗai-ɗai.

Kada dai ka aiki yaro kemis da sunan magani a takarda. Hau babur ka je asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ka faɗa wa likita kara nawa kake sha a rana. Na gaskiyar fa, ba wanda kake faɗa wa uwargida ba.