Yadda Na Kai Mutane Neman Gadar Gwamna Lugga

Mu mutanen Kontagora muna da Sarkin Sudan, muna da barikin soja, muna da babbar makarantar horon malamai ta tarayya, amma jirgin ƙasa bai taɓa yi mana ko sallama ba. Layin dogon da ya taso daga Legas ya haye Kwara a Jebba, ya bi ta Mokwa da Zungeru, ya wuce Minna abinsa. Shi ya sa duk wanda ya iya zancen reluwe a majalisarmu ake masa kallon masani, ni kuwa Allah Ya jarrabce ni da son a yi min wannan kallon.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu tumbi, waɗanda likita ya tsorata da hawan jini da ciwon suga. Kowace Asabar bayan sallar asuba mukan zaga bayan gari, mu dawo mu rama abin da muka ƙona da koko da ƙosai. Wata rana sai bakina ya ja min. Na ce wannan zagayen yara ne, tattakin manya sai a Zungeru, hedikwatar Arewa daga 1902 zuwa 1916, garin da aka haifi Azikiwe a 1904, aka haifi Ojukwu a 1933. Na ce can ne Turawa suka shimfiɗa layin dogo na farko a Arewa, wani ɗan siriri da ya tashi daga Barijuko a bakin kogin Kaduna. Da na ga an yi tsit ana saurare, sai na ƙara gishiri: zan kai su har kan gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga, su taka ta da ƙafarsu. Hedimasta, ɗaya daga cikinmu, ya tambaye ni ko na san wurin. Na ce, "Haba Malam, ni da Zungeru?" Gaskiyar magana, sanina da Zungeru bai wuce tsayawa sayen soyayyen kifi ta tagar mota ba.

Shirin da na yi, ko mai zuwa yaƙi sai haka. Na sayi sabon kambas fari ƙal, da malafa, da jakar goyo, na kuma ari tabaron hangen nesa wanda ido ɗaya kawai ke aiki. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, mutane na gudun daji, kai kana biyan kuɗin mota ka shiga?" Na ce mata ilimi ba ya samuwa a kan katifa. Ta ce Allah Ya tsare, da irin muryar da ke nufin za mu haɗu.

Muka bi ta Tegina, kowa na jan carbi, don tsoron rashin tsaron hanyar. Muka sauka a tashar jirgin Zungeru da hantsi. Farkon tafiyar ya yi min daɗi ƙwarai. Muka ratsa unguwanni, yara na bin mu suna dariya, ni kuwa na ɗauka sha'awa ce. Ina gaba, ina nuna tsofaffin gine-gine da sanda, ina zuba shekaru. Wani kango da na ce ofishin Lugga ne, sai ga wata tsohuwa ta leƙo ta ce injin niƙan mijinta ne. Na ce ai an gina shi ne a kan harsashin ofishin. Babu wanda ya tanka, sai Alhaji mai takin zamani da ya yi wani tari da bai yi kama da na mura ba.

Daga nan muka bar gari, muka faɗa gonakin dawa, muka shiga gamba mai tsawon mutum. A nan na fahimci dalilin da ya sa Turawa suka tattara komatsansu suka koma Kaduna. Zafin Zungeru ba ya zuwa daga sama kaɗai, ta ƙasa ma yana tasowa. Kambas ɗina ya fara cin dunduniyata, amma jagora ba ya ɗingishi, don haka na mayar da ɗingishin takun ƙasaita. Ruwana ya ƙare tun kafin azahar, na koma roƙon na mutanen da na yi wa lacca a kan tanadin ruwa. Muka wuce wata kaɗanya mai rassa biyu. Can anjima muka sake wuce wata kaɗanya mai rassa biyu. Hedimasta ya ce, "Malam, ko ita ma Lugga ne ya shuka ta sau biyu?"

Ana cikin haka sai muka ji an ce kowa ya tsaya. 'Yan banga ne, da bindigoginsu na harba-ka-ruga. To, ka duba lamarin ta idonsu: ga gungun baƙi a daji, na gabansu da tabaron hangen nesa da takarda mai zane-zane. Suka tambayi waye shugaba. Wallahi ban san lokacin da na koma layin baya ba, amma yatsu suka bi ni har can. Aka zazzage jakata a gaban jama'a: maganin basir, ragowar kilishin da na rantse ya ƙare, da ɗan madubin duba gemu. Katin shaidar Hedimasta ne ya cece mu. Ɗaya daga cikinsu, Allah Ya saka masa, ya raka mu wurin wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe da ke hutawa a gindin mangwaro.

Na gyara murya na ce, "Baba, sannu da hutawa. Gadar Gwamna Lugga muke nema."

Ya ce, "Ayya, 'ya'yana, kun ɗan makara."

Na ce, "Sun rufe ne yau?"

Ya ce, "Tun kafin a ba mu mulkin kai aka kwance ta aka kai Kaduna. Tana Ƙofar Gamji."

Haka ne kuwa. An gina ta a Zungeru a 1904, aka sake kafa ta a Kaduna a 1954. Na yi ƙarfin hali na tambayi ɗan siririn layin Barijuko, ko zan tsira da sauran mutunci. Ya ce shi ma an cire ƙarafunansa tun da daɗewa, da su aka taimaka wajen shimfiɗa ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos. Ya ƙara da cewa Turawa ba su bar musu komai ba sai zafi da sauro.

Da nan aka tsaya, da da sauƙi. Sai Alhaji mai takin zamani ya ce, "Ƙofar Gamji? Malam, hoton nan da ke falonka, kai da Hajiya kuna amarci a kan wata gada, ba can ba ne?" Can ne. Shekara da shekaru gadar na rataye a bangona, saman talabijin, ina jingine da ita da wando mai faɗin ƙafa. Dattijon ya yi dariya har hularsa ta faɗi, 'yan banga suka taya shi.

A bayan ɗan acaɓa na koma tasha, kambas a hannu, ƙafa duk ta yi bororo. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai sauko da hoton, ta goge shi tas, ta ajiye min kusa da tuwo.

Zungeru na da abin gani: ga tashar jirgi, ga gadar dogo a kan kogin Kaduna, ga sabuwar madatsar ruwa mai megawat 700. Idan za ka je, nemi ɗan gari ya shige gaba, ka kuma sanar da 'yan banga tun da wuri. Ni dai ƙungiya ta sauke ni daga jagoranci, yanzu ni ke ɗaukar kular ruwa.