Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Na'ura Mai Karanta Rubutu

Malama Na'ura,

Gaisuwa mai yawa daga Ƙauran Namoda. Ina gajiya? Ko da yake an ce ke ba kya gajiya, sai dai caji ya ƙare.

Mun ji yadda aka yi rainonki: an naɗi muryoyin mutane na sa'o'i masu yawa, kowace jimla da rubutunta a gefe, aka yi ta ɗura miki har kika gane wane harafi ke tafiya da wane sauti. A 2023 kamfanin Meta ya fito da wata 'yar'uwarki mai karanta harsuna sama da 1,100, har da Hausa, kuma da karatun Sabon Alkawari da aka naɗa aka koya mata. Ba laifi, kowa da makarantarsa. Sai dai fa ba a karanta farashin gero da natsuwar mai wa'azi.

Ga kukanmu. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, mai karatu ne ke cikewa da hankalinsa. Manomi a Zurmi ya rubuto cewa fari ya cinye gonarsa, ke kuma ki furta shi kamar launin alli kike nufi. Masu waya da yawa ma ba sa sa lanƙwasa a kan ƙ da ɗ da ɓ, kuma duk abin da aka ajiye miki haka kike haɗiyewa ki amayar.

Sannan Hausarki ta Kano ce tsantsa. Mu nan "munka tahi" muke cewa, mu kwana "lahiya", mu soya "hwara". Kina isowa kan waɗannan sai ki yi tuntuɓe, kamar baƙon da aka miƙa wa hura ba ludayi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura tun 1929, ke har yau kina hanya. Ki zo kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ki zauna kusa da dillalan shanu, kafin la'asar kin ji abin da ba a naɗa miki ba.

Ba don ba ma son ki ba ne. Tsohuwar da ɗanta ke aiko saƙo daga Legas, a da sai ta nemi ɗan makaranta ya karanta mata, kafin magariba unguwa duka ta san nawa aka turo. Ke kuwa ba ki da tsegumi. Makaho ma ya samu mai karanta masa ba tare da roƙo ba.

Amma a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, ina kika shiga? Rediyo mai batir biyu ne ya tsaya da mu. Ki koyi aiki ba intanet, ki kuma koyi ajami, don malamanmu na da tarin takardu masu jiran murya.

In kin tashi amsa, ki rubuto kawai. Za mu sa yaro ya karanta.

Naki,
Wani mai saurare a Ƙaura