Mashayin da Ya Yi Digiri a Sunsuna

Mashaya iri biyu ne a ƙasar Turawa. Akwai wanda idan ya sha sai an riƙo hannunsa an kai shi gida. Wannan kowa ya san sunansa, shi ma bai musa ba. Akwai kuma wanda zai ɗaura nektai, ya zauna gaban ƙananan kofuna shida da littafi da biro, ya sha abin da wancan ya sha, har ya fi shi ɓarnar kuɗi, amma ranar da ka kira shi mashayi ka yi maƙiyi. Shi bincike yake yi. Waɗannan su ne 'yan ɗanɗanon wiski, kuma su nake so mu leƙa yau daga nesa. Hukuncin barasa a addini duk mun san shi, ba sai na hau mumbari ba. Kallo kawai za mu yi mu wuce.

Abin da ake wannan hidima a kansa ba wani asiri ba ne. Sha'ir ake jiƙawa ya tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a zuba yis ya tsimu, a dafa a tare tururin, a ɗura a ganga. Dokar Birtaniya ta ce sai ya shekara 3 aƙalla a gangar itacen oak a ƙasar Sikotilan kafin ya ci sunan ƙasar, kuma ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Tun 1494 yana rubuce a littafin baitulmalin sarkinsu, inda aka ba wani malamin coci, John Cor, hatsin da zai yi shi. Sun fi shekara 500 suna abinsu ke nan. Abin da ya ƙaru a zamaninmu surutu ne.

Gwani ba ya sha a kofin da ya ga dama. Akwai ɗan kofin gilashi mai ƙaton ciki da tsukakken baki, Glencairn, wanda aka fito da shi a 2001, duk wanda bai mallake shi ba ɗan kallo ne. Gwani zai ɗaga kofin saitin haske, ya kanne ido ɗaya kamar dillali yana duba haƙoran sa a kara, ya girgiza kai ya ce wannan launin ba a samunsa sai a tsohuwar gangar inabi ta ƙasar Sifen. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne, dokar nan dai ta yarda a ɗiga ƙonannen sukari don gyara launi, kuma kamfanoni da yawa suna ɗigawa. Sau da dama kirarin da yake zubawa, sukarin masana'anta yake yi wa.

Daga ido sai hanci, kuma a nan ne ake yin ta. Babban malaminsu, Richard Paterson na kamfanin Whyte & Mackay, laƙabinsa ma Hanci, jaridu sun sha ruwaito cewa an taɓa yi wa hancin nasa inshora ta fam miliyan 1.5. Idan zai koyar, sai ya zuba wiski a kofi, ya juya, ya watsar a ƙasa, wai wanke kofin ya yi. Sannan ya sake zubawa, ya tura hanci ciki ya gaishe shi, har da tambayar lafiya. Ɗaliban kuwa, manyan mutane masu furfura, suna zaune suna rubutawa. Mutumin da ya shekara goma bai gaida maƙwabcinsa a lif ba, ga shi nan yana gaida kofi.

Bayan gaisuwa sai kowa ya faɗi abin da ya ji. Na farko ya ce ya ji zuma da ɓawon lemu. Na biyu ba zai yarda a fi shi ba, sai ya ce ban da zumar akwai fatar tsohuwar kujera. Na uku ya rufe ido, ya daɗe, ya ce shi kam ɗakin karatun kakansa ya tuno, da yamma, bayan an ɗauke ruwa. Babu mai iya ƙaryata shi, tunda ba wanda ya san kakan. Sabon shiga yana gefe, abin da ya ji kawai warin giya da zafin maƙogwaro, amma in ya faɗi haka ya tona wa kansa asiri. Sai ya yi ta maza ya ce ya ji ayaba. Nan take a dafa kafaɗarsa a ce yaro yana da hanci. Daga ranar shi ma ya zama ɗan gari, gobe shi zai koya wa wani.

Masu tsattsauran ra'ayin cikinsu su ne mabiya tsibirin Islay. A can ana busar da sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da ake yankowa a fadama, sai ƙaurin ya kama abin sha. Masoyan wiskin tsibirin, irin su Laphroaig da Ardbeg da Lagavulin, da bakinsu suke cewa suna jin warin bandeji, da kwalta, da maganin wanke ciwo, da gobara a bakin teku. Yabo ne fa. Da ruwan famfonsu ne ya zo da wannan warin, kafin azahar lauya ya isa kotu. Kamfanin Laphroaig ya gane mutanensa sarai: wanda ya sayi kwalba ya yi rajista, sai a ba shi fili a tsibirin, ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi. Mutum ya taso daga Jamus ko Amurka, ya sa takalmin ruwa, ya kutsa cikin taɓo, ya kafa 'yar tutar ƙasarsu a gonarsa, a biya shi kuɗin haya da kurɓi guda.

Batun ruwa da ƙanƙara kuwa ya raba abokai. Wanda ya jefa ƙanƙara a kofi, a wurinsu ya fita daga sahu. Ruwa an yarda, amma ɗigo-ɗigo, da ɗan bututun gilashi irin na ɗakin gwaji. Har sai da wasu masana biyu na Jami'ar Linnaeus a Suwidin suka fitar da bincike a 2017, cewa ruwa yana taso da wani sinadarin ƙamshi zuwa saman kofi. An sha murna. Ardbeg kuma a 2011 ya aika samfuri tashar sararin samaniya, aka dawo da shi a 2014, don a ji ko rashin nauyi yana canja ɗanɗano. Ga dai inda ilimin ɗan Adam ya kai.

Ana cikin haka sai Japan ta shigo musu ta bayan gida. Wani matashi, Masataka Taketsuru, ya tafi Sikotilan a 1918, ya koyi sana'ar, ya haɗa da auro 'yarsu, ya koma gida ya kama yin wiski. A ƙarshen 2014 Jim Murray, mai littafin ba da maki na shekara-shekara, ya ce wiskin Yamazaki na Japan ne na ɗaya a duniya. Kwatsam sai ga dubban hanci da a da ba su jin komai a kayan Japan sun fara jin furanni. Farashi ya yi sama, kwalabe suka ɓace a kanti.

Gwajin gaskiya ya zo a 2017, a wani otal na garin St. Moritz a Suwizalan. Wani baƙo daga ƙasar Sin ya biya faran 9,999 na Suwizalan don kofi guda daga kwalbar wiskin Macallan mai ɗauke da shekarar 1878. Ya sha abinsa ya tafi. Da hoton kwalbar ya fito a jaridu, masana suka ce murfin da takardar jikinta ba su yi kama da na zamanin ba. Aka kai ɗakin gwaji, har da Jami'ar Oxford, sakamako ya nuna kayan farkon shekarun 1970 ne, gauraye ma. Manajan otal ya bi mutumin har ƙasarsu ya mayar masa da kuɗinsa. A lura, ba harshe ne ya kama ƙaryar ba, takarda ce da na'ura. A 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotilan ta gwada tsofaffin kwalabe 55, ta iske 21 jabu ne ko shekarunsu na ƙarya. Abin da ke tona asirin shi ne burbushin gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960, wanda ya shiga iska ya shiga hatsi.

Ƙarshen digirin shi ne a daina sha gaba ɗaya. A Nuwamban 2023 kamfanin gwanjo na Sotheby's a Landan ya sayar da kwalba ɗaya ta Macallan 1926 a kan kusan fam miliyan 2.2. Guda 40 kacal aka ɗura, bayan shekara 60 a ganga. Wa zai cire murfin wannan? Ranar da ka buɗe, ranar ka zubar da gida da mota. Sai a kulle ta a akwatin ƙarfe, mai ita ya riƙa ba baƙi labarin daɗinta.

Don haka mai karatu, in tafiya ta kai ka Edinbara ta Sikotilan aka ja ka irin wannan zama, kada ka ji ƙasƙanci. Tulun ruwa yana kan tebur. Tsiyaya a kofin nan mai tsukakken baki, ka ɗaga saitin haske, ka sunsuna, ka daɗe ido rufe, sannan ka ce ka ji ƙamshin dutse da sassafe. Wani a cikinsu zai rubuta.